Fitilar Lawali da tsagar Gwaggo Kulu

Shekara bakwai ke nan da muka kai ƙanena Lawali makwancinsa a Cadawa, ana tsakiyar girbin gero. Daga Gazawa har Gidan Rumji an fi saninsa da Lawali Walƙiya, mai hoto. Ni ne wansa, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowace shekara idan wannan lokaci ya zagayo abin da nake yi bai canzawa: in je kabari da safe, in yi addu'a, in sa a dafa fura a raba wa maƙwabta, in koma gida in zauna. Bana zaman ya gagare ni. Tun farkon damina nake bisa hanya, yau gabas gobe yamma, kuma duk a kan wasu ƴan akwatuna biyu baƙaƙe da ba su fi akwatin ashana ba. Zan faɗi yadda abin yake daki-daki, domin in aka fara magana daga tsakiya, ƙarshenta ba ya kamuwa.

Mu Gobirawa ne. Asalinmu Gidan Sori, cinikin gyaɗa ne ya kawo mahaifinmu Cadawa. Ni da Lawali duk muna da tsaga, irin wadda ke tasowa daga gefen baki ta baje bisa kunci har kusa da kunne. Da Lawali ya fara hoto, fitilarsa a bisa kyamara take, kamar ta kowa. Yana yin na katin ɗan ƙasa, da na biki, da na ƴan lakol, wato ƴan makaranta, ba mai kuka da shi. Sai ran nan wani dattijo daga Sae Sabuwa ya zo karɓar hotonsa. Ya duba, ya juya takardar, ya sake dubawa, sannan ya ajiye ta bisa benci ya ce, "Yaro, ina ka kai tsagata? Da ita na zo." Ya tafi bai ɗauka ba. Lawali ya kawo mini hoton in gani. Gaskiyar tsoho ce. Haske ya bugi fuskar gaba da gaba, ta yi sumul tana ƙyalli kamar bayan tasa. Mutum ne dai, amma ba a san ɗan ina ba ne.

Abin ya tsaya masa a rai. Ni na ce masa ya manta, tsoho ɗaya ba shi ne kasuwa ba. Bai ji ba, kuma da ma ba ya ji. Ya yi kwanaki yana kallon fuskokin mutane har ana tsarguwa. A zauren gidanmu ya gano bakin zaren. Da hantsi, idan rana ta shigo ta ƙofa ta gefe, duk wani sawun yatsa da magini ya bari a yaɓen bango sai ya fito. Da rana ta daidaita, sai bangon ya koma fili. Ya ce mini, "Yaya, ba haske ke nuna tsaga ba, ƴar inuwar da ke kwanciya cikinta ce. Sai fitila ta sauka daga kan kyamara ta koma gefe."

Ya fara da doguwar waya. Wayar ta sha wahala, mu ma mun sha. Akuya ta taɓa ja, wata tsohuwa ta taɓa harɗewa da ita a gidan suna har aka yi ta ba da haƙuri, kuma kowane wata sai an kai ta ɗauri. Daga baya wani ɗan kasuwa mai zuwa Katsina ya kawo masa waɗannan ƴan akwatuna biyu, kayan Sin masu araha, waɗanda manyan masu hoto na Maraɗi ke yi wa dariya. Ɗaya ana maƙala shi bisa kyamara, ɗaya a gindin fitila. Idan ya danna, na kan kyamara ya aika, na gindin fitila ya ji, fitila ta yi walƙiya, ba waya ba igiya. Lawali ya raɗa musu suna: mai kira da mai amsa. Ya ɗaure fitilar a kan sandar makiyayi da robar taya, ya yafa mata farin ƙyalle don hasken ya yi laushi.

Aikinsa yana da tsari, kuma wannan ne kaɗai wurin da halinmu ya zo ɗaya. Da farko ya zaunar da mutum a inuwa. Sannan mai riƙe sanda ya tsaya a gefe, ya ɗaga fitila sama da kai kaɗan. Sannan ya shiga jan mutum da hira, ta gona, ta farashin wake, ta wanzamin da ya yi masa tsaga, har mutum ya manta da kyamara. Sai a lokacin yake dannawa. Mai riƙe sanda kuwa ɗiyarsa ce ta fari, Rakiya. Ita ta riƙe masa tun tana budurwa har aka kai ta ɗakinta a Gidan Rumji. Rashin waya ya yi musu rana a gidajen da namiji ba ya kutsawa. Shi ya tsaya daga bakin ƙofa, ita ta shige har gefen tsohuwa da fitilarta. Da haka aka samu hotunan iyaye mata da yawa waɗanda da ba za a taɓa samu ba.

Kayan araha ba su rasa halinsu. A wani biki a Agye, wani mai hoto baƙo ya zo da irin akwatunan nan sak. Duk lokacin da baƙon ya danna tasa kyamara, sai fitilar da ke hannun Rakiya ta yi walƙiya, alhali Lawali yana can yana shan ruwa. Tsofaffin mata suka fara a'uziyya, wata ta ce a kira malam, sanda ta kamu. Kafin a gane, pil, wato batirin fitilar, ya kusa ƙarewa. Lawali ya zauna gindin itacen bedi, ya zaro tsinken tsintsiya, ya juya akwatin. A bayansa akwai wasu ƴan haƙora ƙanana da ake turawa sama ko ƙasa. Ya sake musu zama a mai kira, ya sake a mai amsa daidai da shi. Tun daga ranar fitilarsa ba ta ƙara amsa kiran wani ba. Ya riƙa cewa in haƙoran nan ba su zo ɗaya ba, ko ka danna har yatsa ya kumbura, banza ne. Mai karatu ya riƙe wannan, zan dawo kansa.

Hawan jini ne ya ɗauke shi, kwana kaɗan ya yi a kwance. Da aka zo rabon gado, aka baje kayan aikinsa bisa tabarma. Dattawan da suka zauna mutanen kirki ne, sun san rabon gona da na tumaki, amma a idonsu kyamara abu ɗaya ce, fitila abu ɗaya. Na ce kada a raba su, tare suke aiki. Aka ce mini ai kowa da haƙƙinsa. Ɗansa Haruna, ƙanen Rakiya, wanda ya koyi dannawa, ya samu kyamara da mai kira a maƙale bisa kanta. Rakiya ta ce ita ba ta son komai sai sandar da ta riƙe, aka ba ta fitila da mai amsa a gindinta. Da a nan aka tsaya, da an gyara daga baya. Sai Haruna ya miƙe a gaban dangin mijinta, ya kira ta da sunanta tsirara, ba Yaya ba, ya ce, "Rakiya, mace mi za ta yi da fitila? Tuwo za ki haska?" Wasu suka yi dariya. Ta naɗe sandar cikin zane ta hau mota. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma su suna kwana baki ɗaya. Waɗannan biyu kuwa shekara bakwai ko gaisuwar salla ba ta haɗa su ba. Shi yana Gazawa, ita tana Gidan Rumji, ni ina Cadawa a tsakiya, kowa ya gaishe ni ya tsallake sunan ɗan'uwansa.

Na sha tambayar kaina abin da Lawali zai ce da ya ga yau. Yanzu kowa mai hoto ne. Yarinya ta ɗaga salula ta ɗauki kakarta, kafin ta sauke hannu salular ta wanke fuskar, ta goge tamoji, ta ƙara fari, ta shafe tsaga kamar an bi da ita da guga. Haruna da kansa ya gaya mini cewa a rumfarsa ba mai son tsaga ta fito, har roƙonsa ake ya share. Don haka bai taɓa neman wata fitila ba. Ni in na ga haka raina ɓaci yake, in ce zamani ya lalace. Amma na san ƙanena. Da shi zai fara sayen irin salular nan a Cadawa, ya kwana biyu yana tona cikinta har ya gano inda ake hana ta ƙarya, sannan ya zo ya yi mini dariya. Bai taɓa gudun sabon abu ba. Abin da ya ƙi shi ne a ba mutum fuskar da ba tasa ba. Kuma kada a ce ina kiran a koma yi wa jarirai tsaga. Ni kaina ban yi wa ƴaƴana ba, Lawali ma bai yi wa nasa ba. Wannan ƙofa ta rufe. Maganata a kan waɗanda suka riga suka ɗauko ta ne, suka yi shekara saba'in, tamanin da ita, kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Cikinsu akwai Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Tana Gidan Sori. Tsagarta cikakkiya ce, irin ta da, kuma akwai layi ɗaya a kuncin hagu da ya karkace. An ce tana jaririya ta yi shuri wanzami na cikin aiki, shi ya sa har yau ake ce mata ba ta taɓa zama inda aka ajiye ta ba. Lawali ya yi shekaru yana binta ta yarda ya ɗauke ta. Ta ƙi. Takan ce, "Ina nan da raina, mi za a yi da ni cikin takarda? Wanda ke son ganina shi tako." Ya rasu bai samu ba.

A bazarar bana aminiyarta ta rasu, wata tsohuwa da suka yi ƴanmatanci tare. Kafin a dawo daga maƙabarta hotonta ya zagaye salulolin gari da addu'a a ƙarƙashinsa. Wata jika ta kawo wa Gwaggo ta gani. Ta kai shi kusa da ido, ta daɗe, sannan ta ce, "Wagga ɗiyar wa ce?" Aka ce ai Hajiya ce. Ta ce, "Ba ita munka binne ba." Daga nan ta daina barin kowa ya ɗaga salula a gabanta, ko a suna ko a biki, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Amma ta san an riga an ɗauke ta ba sau ɗaya ba, kuma ta san abin da za a watsa ranar da ta cika. Ta aiko a kira ni. Na same ta ta rame, ƙafafu sun kumbura, ba ta fita sai an riƙe ta. Ta ce, "Idi, abin da yaron nan ya roƙe ni na hana shi, yanzu ina so. Da fitilarshi, ba da wata ba. Kuma ka yi hanzari, ni ba ni da alkawari da kakar bana."

Na fara da Gazawa. Haruna ya ce shi a shirye yake, a karɓo masa fitilar kawai. Na wuce Gidan Rumji. Rakiya ta ce fitila ba ta fita hannunta, in ana so ta zo ta riƙe da kanta, amma ba za ta tsaya wa wanda ya ce tuwo za ta haska ba, a nemo wani mai hoto. Na ce mata mai kira yana wurin Haruna. Ta ce to shi ya aiko da shi. Na koma Gazawa, ya ce kyamarar ubansa ba ta zuwa hannun baƙo. Haka na yi ta yi, mota zuwa Maraɗi, wata motar zuwa gaba, kabu-kabu cikin laka zuwa Gidan Sori in duba ko tsohuwa na nan. Duk lokacin da salulata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. An ce zumunta a ƙafa take, amma ƙafar da ke ta tafiya tawa ce, ba tasu ba.

Daga ƙarshe na bar lallashi, don ba shi ne aikina ba. Na kira kowannensu na faɗi magana iri ɗaya: ranar Juma'a mai zuwa da hantsi ina ƙofar Gwaggo. Wanda ya zo ya zo. Wanda bai zo ba, in ta rasu aka watsa waccan fuska, kada ya zo mini gaisuwa.

Rakiya ta riga zuwa, a amalanken wani maƙwabcin Gwaggo da ya ɗauko ta daga bakin hanya. Ta kwance zanen. Sandar tana nan yadda take, robar ce kawai ta bushe ta sake wata. Ta cire pil tun ranar rabo kamar yadda ubanta ke yi, ta zo da sababbi. Haruna ya iso bisa babur rana ta ɗan ɗaga. Ya gaishe ni, ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya yi kamar bai ga kowa ba bayan mu. Gwaggo ta ce masa, "Kai angon banza, sai da na tsufa kaka zuwa zance?" Aka zaunar da ita bisa kujera a inuwar rumfa, ta sa baƙin zanenta na saƙi, ta ture mayafi baya da kanta.

Rakiya ta tsaya a gefe ta ɗaga sanda. Haruna ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru. Ya cire pil ya mayar, ya hura, ya buga akwatin a tafin hannu, ya danna. Fitila ko ƙyaftawa. Ni na gane abin da ya faru, don na ga ƴaƴansa suna wasa da mai kira a rumfarsa, sun tura haƙoran yadda suka ga dama. Na san Rakiya ma ta gane, don na ga ta juya gindin fitilar ta duba nata ta mayar. Na kama bakina. Gwaggo ta ce, "Ku dai yi ta yi, har Mala'ika shi riga ku."

Haruna ya juya akwatinsa ya ga haƙoran. Ya tsaya. Bai san yadda ubansa ya jera su ba, bai taɓa riƙe sanda ba. Wuri ɗaya ne a duniya da jerin yake, kuma yana hannun wadda ke tsaye taku kaɗan daga gare shi. Ya dube ni, na dubi rumfa. Sannan ya taka ya je, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Yaya, in ga naki."

Ta sunkuyo da sandar, ta zaro tsinke daga tsintsiyar Gwaggo ta miƙa masa. Ya jera nasa daidai da nata. Ya koma ya danna, rumfa ta yi walƙiya, kaji suka watse. Ya duba bayan kyamara ya ce ya yi. Rakiya ta leƙo ta ce, "Bai yi ba. Baba ba ya tsayawa nan. Matsa dama, ka rage tsawo." Ya matsa. Ita ma ta ja baya kaɗan ta ɗaga sanda. Sai ta ce, "Kaka, wai da gaske ke kika shuri wanzami?" Gwaggo ta ɗago kai za ta rama, Haruna ya danna.

Ba zan ce an shirya ba, don ban ga haka ba. Haruna bai tsaya cin tuwo ba, ya ce hadari na haɗuwa. Rakiya ta naɗe sandarta ta koma da ita Gidan Rumji. Bayan kwanaki ya wanko hoton babba, ya kawo mini tashar Cadawa, na kai Gidan Sori. Gwaggo ta sa aka fito da ita bakin ƙofa inda haske yake. Ta bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, daga baki zuwa kunne, har ta zo kan karkataccen nan. Ta tsaya a kansa. Ta ce, "Ni ce." Sannan ta miƙa wa jikar nan mai salula ta ce, "Ɗauki wannan ki aje. Ranar da Allah ya yi, shi za ku watsa. In kin gyara shi ban yafe ba."

Labarin zuciya a tambayi fuska, haka magabata suka ce. To in an shafe fuskar, wa za a tambaya? Lawali bai bar gida na siminti ba, bai bar mota ba, rumfarsa ma yanzu mai cajin salula ne a ciki. Kayan da ya bari na araha ne, wata rana za su mutu a jefar. Abin da na ga ya rage shi ne hotunan nan da ke rataye a zaurukan Cadawa da Agye da ƙauyukan Gobir, inda jika zai ɗaga kai ya ga kakansa yadda yake, ya san daga ina ya fito. Sai kuma ƴaƴa biyu, ɗaya ta san inda haske ke tsayawa, ɗaya ya san lokacin dannawa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gwaggo tana nan da ranta har yau da nake rubutu. Hotonta ya ja magana, tsofaffi daga Gidan Sori da Sae Sabuwa sun aiko suna son nasu, cikinsu har da ƙanen dattijon nan da ya taɓa barin hotonsa bisa benci. Shekaranjiya Haruna ya kira ni ya ce, "Baba, ka tambayi Yaya Rakiya ko ranar kasuwa ta yi mata mu je mu ɗauke su." Na ce masa na gama kai saƙo. Na karanta masa lambarta, na sa ya maimaita, na kashe. Ban sani ba ko ya kira. Tsofaffin nan kuwa ba su da alkawari da kowa, kuma gero ya riga ya nuna.

Allah ya haskaka kabarin Lawali fiye da yadda ya haskaka fuskokin bayinsa, ya gafarta masa, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.